Alkasum Latin Ya Raɗa wa Karangiya Suna

Duk wanda ya zauna Agadas a shekarun fari, in dai ya taɓa bi ta rumfar Bahago mahauci da hantsi, to ya san Alkasum Latin. Ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don ita ke riga shi isa ko'ina.

Asalin laƙabin kuwa, tun yana saurayi wani nasara mai tsintar ganyaye ya zo zai shiga duwatsun Abzin, ya ɗauke shi aikin dafa shayi da ɗaukar akwati. Kwana goma sha tara suka yi tare. Ran na ashirin nasaran ya tarar Alkasum ya hura wutar shayi da takardun da aka danne duk ganyayen tafiyar a ciki, ya sallame shi nan take. Alkasum ya dawo gari da tsohuwar hular kwano ta nasaran, da madubin ƙara girman abu mai tsagewa a tsaka, da kuma wani babban sirri da ya gano, wai duk sunan da ka liƙa wa "us" a wutsiya ya zama Latin, harshen masana. Tun daga ranar bai sake kama wata sana'a da hannu biyu ba. Matarsa Habsatu ke saƙar tabarmar kaba tana riƙe da gida, shi kuwa yana riƙe da ilimi.

"Ni da kuke gani," in ji shi a rumfa, "daga Dabaga har Jado babu tsiron da ban san sunan kakansa ba. In na taka ciyawa ido rufe, tafin ƙafata ke gaya mini ko wace ce."

"Wanga gaskiya ne," in ji Bahago yana wasa wuƙa. "Ko ni in na taka ƙaya ina ganewa."

Shekarar da fari ya dawo karo na biyu, damina ta zo ta wuce ba ta ko ce sannu ba. Dabbobi suka zube, makiyaya suka kakkafa tantuna a bayan gari suna jiran motar cimaka, nama ya fi hatsi araha. Mulki a hannun soja yake, magana kuwa sai an waiga kafin a yi ta. Wanda aka ɗora kan rabon cimaka wani kapiten ne mai suna Yahaya, dogon mutum mai rowar dariya, wanda in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara.

Wata safiya mai shela ya zagaya da ganga. Kapiten na neman wanda ya san tsirran daji. Mutanen gari sun fara fita tsintar abin sawa a baki, har gida biyu sun kwana likita. Saboda haka ana so a tara duk abin da farin ya bari a tsaye, a kasa shi kashi huɗu: na cin mutum, na dabba, na magani, da mai kisa. Nan da kwana goma baƙi za su zo daga Yamai su gani, a kuma nuna wa jama'a. Wanda ya yi aikin za a ɗauke shi sarwis, wato aikin gwamnati, da buhun dawa duk wata.

Mai shela bai rufe baki ba Alkasum ya kife hular kwano ya nufi biro, ofishin kapiten. Mutanen rumfa suka rufa masa baya, don a shekarar kallo ne kaɗai ake samu a ƙoshi.

Ya ƙame gaban tebur, ya sara da hannun hagu.

"Mon capitaine, wanda kake nema ya iso. Alkasum, botanis, masanin tsirrai."

Kapiten ya dube shi daga hula har takalmi. "Ina ka yi karatu?"

"Cikin duwatsu, mon capitaine, ni da wani babban masani na Faransa. Rabin abin da ya rubuta daga bakina ya ji shi. Ran da za mu rabu har hawaye ya yi."

"Wanga ma gaskiya ne," in ji Bahago daga bakin ƙofa. "Ya yi kuka ƙwarai."

"Tsiro nawa za ka kawo?" in ji kapiten.

Alkasum ya so ya ce talatin, sai ya waiga ya ga idon jama'a a kansa. "Ɗari, mon capitaine. Kowanne da sunansa na Hausa da na Latin."

"Bon. Ɗari. Amma ka buɗe kunne. Abu biyu ne ba na so, ƙarya da jinkiri. In na sami ɗaya, za ka share farfajiyar nan kullum har damina ta sauka. Ka kuwa ga damina ba ta da niyya."

Da labari ya isa gida, Habsatu ta aje kabar da ke hannunta.

"Malam, ɗari? A wane daji? Ni da ke fita yankan kaba, ko inuwa sai na yi tafiyar rabin yini nake samu."

"Ke kaba kike gani, ni kimiyya nake gani. Ki dai share wurin da za a jingine buhu."

Kashegari ya ari jakin maƙwabcinsa Ya'u, mai kawo albasa daga Dabaga. Ya'u ya ba shi da gargaɗi guda: kada ya kuskura ya rataya wani abu kusa da bakin jakin, don rabonsa da ɗanyen ganye tun bara, jiya ma ya cinye rabin malafar wani baƙo.

Daji kuwa ya zama kamar tafin hannu. Sai bayan azahar Alkasum ya hango wani cuncurundon busasshiyar ciyawa ita kaɗai a fili. Ya sauka da ƙasaita, ya durƙusa, ya ɗora madubi a kanta yana gyaɗa kai ko da wani na kallo daga nesa. Yana cikin gyaɗawa rana ta bi ta madubin, ciyawar ta yi hayaƙi, ta kama. Ya tashi zai tattake, wuta ta lashi bakin wandonsa, ya ja da baya ya zauna daɓas a kan shimfiɗar karangiya. Ita kam farin bai taɓa lafiyarta ba. Ya miƙe yana tsalle, ya kama reshen tumfafiya don kada ya faɗi, reshen ya karye, nononta ya fantsamo masa a ido.

Duk da haka Allah bai hana shi ba. A bakin ƙoramar Dabaga, inda ruwan lambuna ke tsiyaya, ya sami ganyaye kore har ya cika buhu biyu ƙanana. Da zai juyo, zama a kan jaki ya gagara saboda karangiya, tafiya da ƙafa ma ta gagara. Sai ya kwanta rub da ciki a gadon bayan jakin, buhu ɗaya a ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗayan kuma ya rataya a wuyan jaki don ya riƙa sa masa ido. Idon ɗaya ne, kuma barci ya ɗauke shi. Da suka shigo gari ran na uku, buhun wuya babu komai cikinsa sai rami, jaki kuwa yana tafe yana rangaji kamar ango.

Wadda ya fara cin karo da ita a bakin kasuwa ita ce Biba, tsohuwa mai sayar da ganyen miya da saiwoyin magani, wadda ta shekara arba'in a wurin zamanta, bakinta kuma bai taɓa hutun Juma'a ba.

"Sannu da zuwa, Alkasum. Ɗayan idon a daji ka manta shi?"

"Inna Biba, ilimi ba ya samuwa a inuwa."

"Nonon tumfafiya dai. Ko ɗan akuya ya san ba a karya ta fuska na kusa. Kwanciyar nan kuma fa, sabon hawa ne na nasara?"

Ya shige gida, ya baje ganyen buhu na biyu ƙarƙashin tabarma don su danne, bai ce wa kowa komai ba, ya ɗingisa rumfa ya ba da labarin kurar da ya kora da madubi. Da ya dawo Habsatu ta aje masa kwaɗon ganye da tunkuza, irin wanda gidan ya daɗe bai gani ba. Ya ci, ya suɗe akushi, ya lumshe idon da ya rage.

"Kin ji wanga ganye? Daga ɗanɗanonsa na gane shi. Ba ya fitowa ƙasarmu, daga kudu can bakin kogi ake kawo shi."

"Daga ƙarƙashin tabarmarka dai, Malam. Na zaci cefane ka yo, har na yi maka addu'a."

Alkasum ya ɗaga tabarma. Fayau.

"Duka?"

"A'a, masu dafi na tsince su, na hura wuta da su."

Saura kwana shida, ba shi da ko ganye ɗaya, jaki ya ci rabi, shi ya ci rabi. Da wani ne, da ya je ya faɗi gaban kapiten ya nemi gafara. Alkasum kuwa, tun da babu jariri, sai ya soma da suna. Ya sami kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, ya zauna a rumfa ya sanar cewa a dokar kimiyya, wanda ya rubuta tsiro shi ke raɗa masa sunan wanda ya ga dama, sunan kuma zai tafi Yamai, daga nan Faransa, ya zauna cikin littafi har tashin duniya.

Kafin la'asar Bahago ya gasa masa hanta. Ya'u ya manta da zancen jaki ya kawo albasa. Zeinabou mai fura ta dama masa da nono ba ruwa-ruwa ba. Kowannensu ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa goruba yake so, tun da doguwa ce, ana cin ƴaƴanta, ana saƙa da ganyenta, ana rufin ɗaki da gangarta. Kowannensu kuma Alkasum ya ce masa an gama.

Asiri ya tonu ran da Bahago ya ce a daina kiransa Bahago, a ce masa goruba.

"Gorubar wa?" in ji Ya'u. "Tawa ce tun shekaranjiya."

"Ku biyu ku yi ta yi," in ji Zeinabou. "Ni da idona na ga ya rubuta."

"Kin iya karatu?"

"Na ga bik na motsi."

Suka yo kansa su uku. Alkasum ya ɗaga hannu kamar alƙali.

"Ku natsu. Goruba ba reshe take yi ba? Sunanta Bahagus ya'utus zeinabus. Kowa da reshensa."

"Don mi nake tsakiya kamar tsoka cikin tsire?" in ji Ya'u.

"Ni kuma don mi nake baya?" in ji Zeinabou.

"A Latin na ƙarshe shi ne babba."

"To ni a mayar da ni ƙarshe," in ji Bahago, wuƙa a hannu.

Aka yi ta gogewa ana sakewa har shafin ya huje. Daga ƙarshe aka yi sulhu a kan cewa za a riƙa karanta sunan daga gaba ran Asabar, daga baya ran Lahadi.

Amma Alkasum ya san suna ba ya tsayawa a kan iska. Ya je wurin Biba da murmushi, ya ce zai ba ta aduwa sukutum, ita kaɗai, in ta bar shi ya ɗan duba kwandunanta.

Biba ta kore ƙuda daga kan kuka. "Itatuwan nan an yi musu suna tun ba a yanke cibin kakanka ba. Wa ya gayyace ka zanen suna? Kawo ragon tukuna."

Matan kasuwa suka fashe da dariya. Alkasum ya buɗe kaye a gabanta, ya rubuta yana faɗi da ƙarfi: "Karangiya. Bibatus masifatus. Alamarta, in ta kama mutum ba ta saki."

"Ka fi kowa sani," in ji Biba. "Har yanzu a karkace kake zama."

Saura kwana biyu ya shiga aiki gadan-gadan. Ya yayyanka kwalayen madara ya yi alluna ɗari, ya jiƙa ƙaro don liƙi, ya juya ya dubi gidansa da idon mafarauci. Tsintsiyar Habsatu ta tafi. Kabar tabarmar da take cikin saƙa ta tafi. Lallenta, asuwakinsa, audugar matashi, ganyen shayin da aka riga aka dafa sau uku, ciyawar dannin Ya'u ta bayan gida, duk suka hau allo suka sami suna. Ya karyo reshen aduwa guda, ya sassare shi bakwai, ya liƙa wani a tsaye, wani a kwance, wani kai ƙasa, ya ba su suna bakwai da dangi bakwai. Da ya ga har yanzu da saura, sai ya dakaci lokacin da Biba ta tafi sallar la'asar, ya ce wa maƙwabciyarta kapiten ne ya aiko shi kontrol, wato duba kaya, ya ɗiba daga kowane kwando ya zuba aljihu.

Cikin abin da ya ɗebo akwai wani busasshen ganye ƙanana, kore shar, mai kyan gani. Ya shinshina, ya ga ya dace da babban mutum. Ya ɗora shi kan kashin na cin mutum, ya rubuta da manyan baƙaƙe: Shayin Abzin, Kapitenus yahayatus.

Habsatu ta leƙo. "Malam, wannan ai..."

"Habsatu, na taɓa koya miki saƙa?"

"A'a."

"To ki bar kimiyya ga masu ita. Gobe da shi zan yi wa baƙi shayi, kapiten ne zai sha kofin farko."

Habsatu ta juya. Ta cika buta ta aje a bakin ƙofa, ta yafa mayafi ta nufi gidan Biba.

Ran taro, ana sallame asuba Alkasum na farfajiyar magazan cimaka, ɗakin ajiyar hatsi, yana jera alluna a kan tebur huɗu. Bahago ya zo taya shi, don ya tabbatar da inda sunansa ya tsaya. Aka hura gawayi, aka cika babbar tukunyar shayi da ganyen nan, aka zuba sukarin da biro ya bayar na baƙi. Alkasum ya sha kofi uku don murya ta buɗe. Bahago ya sha biyu. Sarjan Ousmane mai gadin magaza, ƙato wanda ƙofa ke yi wa kaɗan, ya ce ɗanɗanon baƙo ne amma sukarin ya ji, ya sha huɗu.

Baƙi kuwa motarsu ta kafe cikin rairayi, ba su iso ba sai bayan azahar. Duk tsawon jiran nan Alkasum na kurɓa kaɗan-kaɗan don kada shayin ya yi tsami. Rabin gari ya cika farfajiya, yara a kan katanga, mata a inuwar magaza.

Su uku ne baƙin. Biyu manya ne masu neman kujera. Na ukun saurayi ne siriri mai madubin ido, Mushe Inoussa, wanda ya yi karatun itatuwa na gaske. Shi ya matso kusa da tebur.

Alkasum ya gyara hula, ya nuna allo na farko da sanda. "Goruba. Bahagus ya'utus zeinabus. Yau Asabar."

Inoussa ya cire madubinsa ya goge, ya mayar. "Quelle famille?" in ji shi, yana nufin dangin tsiron.

"Lafiya lau suke, mushe, na gode. Sai dai zafi."

Ya wuce allo na gaba da sauri. "Wanga ciyawa kuwa ba ta fitowa sai a ƙololuwar dutsen Bagzan, shekara bakwai sau ɗaya. Da igiya na sauka na tsinko ta."

"Habsatu," in ji Zeinabou daga cikin mata, da muryar da ta saba tallar fura, "ba tsintsiyarki ba ce da kike cigiya? Ga ma jan ƙyallen da kika ɗaure mata."

Habsatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya'u ya kutso gaba ya tsura wa wani allo ido.

"Af, ashe nan dannina ya zo. Ni ina can na daki jaki a banza."

Mushe Inoussa dai ya matsa gaba. Ya bi teburori yana ɓamɓaro guntayen ice, ɗaya daga kashin dabba, biyu daga na magani, ɗaya daga mai kisa, har bakwai. Ya jera su a gaban kapiten, ya haɗa baki da baki, sai ga reshen aduwa guda ya tashi cif, har da ƙayarsa.

"Mon capitaine," in ji shi, "ban taɓa ganin itacen da gindinsa magani ne, tsakiyarsa abinci, kansa kuma guba ba."

"Fari ne ya kawo haka," in ji Alkasum. "Itatuwa ma sun rikice."

Kapiten ya ɗauki wani allo ya karanta a hankali. "Bibatus masifatus. Mine ne wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe." Biba ta ratso jama'a tana dogara sanda. "Karangiya ce ya ba sunana. Ban ƙi ba, don ita ko a yunwa ana sussuka ta a ci, ta fi wasu maza amfani. Abin da na zo nema shi ne kayana, ga su nan kashi ashirin a kan kwali. An ce wai kai ka aiko kontrol."

Kapiten ya juya ya dubi Alkasum, irin duban nan. Sannan ya taka zuwa teburin na cin mutum, ya tsaya kan wasu ƙwayoyi masu kama da wake, ya karanta abin da ke ƙasansu: a ci ɗanye kamar gujiya.

"Ci."

Alkasum ya watsa biyar a baki. Ya tauna sau ɗaya, kunnuwansa suka motsa, hular kwano ta zamo kan hancinsa.

"Yaya?"

"Akwai zaƙi, mon capitaine. Daga baya yake zuwa. Sai an jira."

"Dilo ne, ƴaƴan hanza," in ji Biba. "Sai an jiƙa shi kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin ya ciwu. Shi ne mutanen gida biyun nan suka yi wa gaggawa."

Dariyar jama'a ta ɗan lafa. Fuskar kapiten ta haɗe kamar hadarin da aka shekara ana jira. Alkasum ya ga rami a gabansa, ya tofar da dilo a hula, ya ruga ya tsiyayo shayi ya miƙa da hannu biyu.

"Mon capitaine, kuskure ɗaya ba ya rushe ilimi. Ga babban abin da na gano. Da sunanka na raɗa masa, Kapitenus yahayatus, don ƙarfinsa da saurin aikinsa."

Kapiten ya karɓa. Kofi ya kusa leɓe, Biba ta sa sandarta ta tare hannunsa, abin da ko jandarma bai isa ya yi ba.

"Kada ka sha, ɗana. Filasko ne. Tsunkule ɗaya nake ba wanda cikinsa ya ɗaure kwana uku. Wanga kuwa na ga tukunya aka cika."

Farfajiya ta yi tsit. A cikin tsit ɗin nan ne aka ji wani ruri mai tsawo, kamar raƙumi na ƙin kaya. Kowa ya waiga neman raƙumi. Daga cikin Alkasum ne. Can gefe cikin Bahago ya amsa. Sarjan Ousmane, da ke ƙame da bindiga, gumi ya karyo masa.

"Wa ya sha?" in ji kapiten.

"Kaɗan ne, mon capitaine, don gwaji. Permission, zan ɗan..."

"Garde-à-vous."

Alkasum ya ƙame, gwiwa na gaida gwiwa.

"Ka ce mini ɗari. Mun ga goma sha biyu. Ci gaba, ba na son aiki rabi."

"Na goma sha uku," in ji Alkasum da wata siririyar murya, "audu... audugus... mon capitaine, don Allah."

"Wane dangi?"

Sarjan ne ya fara karya doka. Ya jingine bindiga a jikin buhu, ya sara, ya ce, "Mon capitaine, a ɗaure ni gobe," ya zura bayan magaza. Bahago ya bi shi yana riƙe da tumbi da hannu biyu. Makewayi kuwa ɗaya ne tak a wurin, kowa ya sani, Alkasum ma ya sani. Aka ji ƙofar kwano ta rufe, aka ji Bahago na dukanta yana haɗa sarjan da iyayensa.

Alkasum ya dubi kapiten, ya dubi ƙofar fita da jama'a suka toshe, ya dubi katanga. Bai sake neman izini ba. Ya tsallake teburin magani da tsalle ɗaya, alluna suka tashi sama kamar tattabaru, ya taka buhun dawa, ya dafa katangar da ta fi shi tsawo, yara suka dare, ya haye ya ɓace. Hular kwano ta faɗo ta yi ta juyi a tsakar fili ita kaɗai. Waɗanda ke kan katanga suka riƙa ba na ƙasa labari: ya wuce masallaci, ya wuce masu gishiri, ya sha gaban wani mai keke.

Manyan baƙi biyu suka riƙe ciki don dariya. Kapiten Yahaya ya juya baya yana duban bango, kafaɗunsa na rawa, ya daɗe a haka kafin ya juyo da fuskarsa ta kullum.

"Inna," in ji shi, "tsiro nawa kika sani?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba. Ni da yarinyar can Habsatu dai, abin da ya rage a dajin nan ba zai ɓace mana ba."

Kwana takwas suka yi suna fita, Biba na faɗi, Habsatu na tsinka, Inoussa na rubutawa yana ƙara na Latin na gaske a gefe. Tsiro arba'in da ɗaya suka samu, aka kasa su huɗu, aka baje a bakin kasuwa Biba na yi wa mata bayani tana haɗawa da zagi. Daga nan ba a sake kai kowa likita don dilo ba. Buhun dawa ya shiga gidan Alkasum kamar yadda ya yi wa matarsa alkawari, sai dai da sunan Habsatu a jiki. Shi kuwa aka ba shi tsintsiya da farfajiya.

Kwana uku bai leƙa rumfa ba. Ran na huɗu ya iso ya rame, ya zauna a hankali. Bahago, wanda shi ma wandonsa ya yi masa yawa, bai ko ɗago ba. Har Ya'u ya fara tausaya masa. Sai Alkasum ya gyara murya.

"Amma dai kun ga gudun."

Bahago ya ci gaba da wasa wuƙa.

"Katangar nan kamu shida ce. Sarjan da kansa ya ce ko a Yamai babu sojan da zai haye ta ba tsani. Na yi tunani, itatuwa ba su ne baiwata ba. Gobe in na gama shara zan ga kapiten, ya ba ni sojojinsa wata guda in koya musu gudu."

Bahago ya aje wuƙa, ya dube shi.

"To ka fara biyawa ta wurin Inna Biba ta tanadi ganye da yawa. Kuma don Allah, kafin ka soma, a ƙara gina makewayi."